Ku Tambayi Mai Tamaula: Wai da Gaske Amurkawa na Son Ƙwallo?

Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka nufa, wato Amurka da gasar Kofin Duniya ta 2026. Masu tambaya kan cinikin 'yan wasan Firimiya su yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan kallo a Tudun Wadan Zariya, kuma kullum sai an yi musu a kan wannan batu. Wasu na cewa Amurkawa ba su san ƙwallo ba, kuɗi kawai FIFA ta bi ta kai musu gasar. Wasu kuma na cewa yanzu sun canza. Tunda ka zauna a can, ka raba mana gardama.
Daga wani mai gidan kallo, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, masu maganar kuɗi ba su yi ƙarya ba, FIFA ba ta taɓa ɓoye ƙaunar dalar Amurka ba. Inda suka kauce shi ne zaton da suke yi cewa filayen za su kasance wayam. A 1994, lokacin da ƙasar ba ta da wata babbar gasar ƙwararru ta a zo a gani, mutum miliyan 3 da dubu 587 ne suka shiga kallon wasanni 52, kusan dubu 69 ke nan a kowane wasa. Daga Faransa 1998 har zuwa Katar 2022 wasanni 64 ake bugawa a kowace gasa, amma babu wadda ta kamo wannan adadi.

To amma ka dubi abin da ya faru ranar buɗe gasar, 17 ga Yunin 1994. Jamus ta kara da Bolibiya a Chicago da rana. Kafin dare ya yi ƙasar ta manta da zancen, kowa ya koma kallon 'yan sanda suna bin motar O.J. Simpson, tsohon tauraron zari-rugar Amurka da ake zargi da kisan kai, a titunan Los Angeles, har aka riƙa katse ɗaya daga cikin wasannin ƙarshe na ƙwallon kwando, wanda Hakeem Olajuwon ke buga wa Houston.

Abin da na gani da idona kuwa a 2014 ne, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio. A ofishin da nake aiki akwai mutanen da tun zuwana ban taɓa jin sun ambaci ƙwallon ƙafa ba. Ana shiga watan Yuni sai ga su da riguna masu launin tuta, suna tare ni a hanya. Me ya sa alƙali ya soke wancan cin? Mene ne satar gida? Wani dattijo ya tambaye ni tsakaninsa da Allah ko ana iya tashi wasa babu wanda ya yi nasara. Na ce ƙwarai kuwa, har ma a yi murna. Ya girgiza kai ya wuce. Wasan da Amurka ta yi 2 da 2 da Fotugal a Manaus, kusan mutum miliyan 25 suka kalla a tashoshin Turanci da na Sifaniyanci. Ranar 1 ga Yuli, muna cikin azumi, ofis ya watse kafin ƙarfe huɗu saboda wasan Beljiyam. Mai tsaron ragarsu Tim Howard ya kaɗe ƙwallaye aƙalla 15, duk da haka aka fitar da su 2 da 1 a ƙarin lokaci. Washegari Shugaba Obama da kansa ya buga masa waya.

Kwana goma bayan nan, ranar 11 ga Yuli, LeBron James ya sanar cewa zai koma buga wa Cleveland ƙwallon kwando. Shi ke nan. A Ohio aka rufe babin Kofin Duniya saura kwana biyu a buga wasan ƙarshe. Da na shigo ranar Litinin da labarin ƙwallon da Götze na Jamus ya ci Ajantina a wasan ƙarshe, waɗanda suka dame ni da tambayar satar gida suka saurare ni don ladabi kawai.

Kai da kake Zariya ka san hawan Sallah. A ranakun nan kowa masanin doki ne, kowa na da ra'ayi a kan wanda ya fi iya sukuwa da wanda kwalliyarsa ta fi kyau. Da an sauka, masu yanko wa dokin ciyawa da wanke shi a sauran watanni ba su da yawa. Yawancin Amurkawa 'yan kallon hawa ne. Tutarsu suke bi, kuma duk abin da aka ce ƙasarsu na fafatawa da duniya a cikinsa za su fito, ko ninƙaya ce ko tsere. Shaida ita ce 2018. Trinidad da Tobago ta doke su 2 da 1 a watan Oktoban 2017, suka rasa gurbin zuwa Rasha, kuma tashar Fox da ta zuba maƙudan kuɗi ta sayi izinin nuna gasar ta ga raguwar masu kallo sosai. Ka haɗa da ma'auni: wasan ƙwallon ƙafa mafi jan jama'a a talabijin ɗinsu bai cika wuce miliyan 25 zuwa 27 ba, alhali wasan ƙarshe na zari-rugarsu, Super Bowl, ya haura miliyan 120 a 2024 da 2025.

Sai dai kada 'yan ɓangaren "ba su san ƙwallo ba" su yi saurin tafi. Duk gasar da ta wuce tana barin wasu da ba su koma gida ba. Da FIFA ta ba Amurka gasar 1994, a ranar 4 ga Yulin 1988, ta gindaya sharaɗin kafa gasar ƙwararru. Wannan gasa, wato MLS, ta fara a 1996 da ƙungiyoyi 10. Ta kusa durƙushewa, har aka rufe ƙungiyoyi biyu na Florida a farkon 2002. A 2025 ƙungiyoyinta 30. Atlanta United ta sha tara mutum sama da dubu 70 a wasan lig. Kamfanin Apple ya ƙulla yarjejeniyar shekara goma ta dala biliyan 2.5 don nuna wasanninta daga 2023, shekarar da Messi ya sauka a Miami. Hukuncina dai shi ne, kada a auna Amurka da hayaniyar watan Yuni, ko don a yabe ta ko don a kushe ta. A jira watan Satumba, lokacin da zari-ruga ta dawo, a ƙirga waɗanda suka rage. Duk bayan shekara huɗu suna ƙaruwa, amma har yanzu su ne marasa rinjaye.

TAMBAYA: Malam, me ya hana ƙwallo shiga jininsu tun farko? Turawan Ingila da suka kawo mana ita ai su ne kakanninsu.
Daga wani ɗalibi, Jami'ar Bayero, Kano.

AMSA: Ɗana, ta shiga, fita ta yi. A gasar farko ta 1930 a Uruguay, Amurka ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Ajantina ta lallasa ta 6 da 1, kuma ɗan wasanta Bert Patenaude ne mutum na farko da ya ci ƙwallo uku a wasa ɗaya a tarihin gasar. A shekarun 1920 suna da lig mai ƙarfi a garuruwan masaƙu na arewa maso gabas, rigimar shugabanci da karayar tattalin arziki suka kashe ta. A 1950 sun doke Ingila 1 da nema a Belo Horizonte, Joe Gaetjens haifaffen Haiti ya ci, amma a gida kusan babu wanda ya kula. Daga nan sai da suka yi shekara 40 ba su sake leƙa gasar ba.

A tsawon wannan lokaci besbol da zari-ruga da kwando sun riga sun mamaye makarantu da jami'o'i, kuma a Amurka makaranta ce ke renon wasa. Da talabijin ya zo sai ya ƙara ɗaure lamarin. Wasan zari-ruga yakan ci sama da awa uku saboda tsaye-tsaye, kuma kowace tsayawa talla ce. A Super Bowl na 2024 tallar daƙiƙa 30 ta kai dala miliyan 7. Ƙwallonmu kuwa minti 45 ake yi ba numfashi, mai talla ya rasa inda zai sa kai. An gwada sayen soyayya da kuɗi, aka kawo Pelé New York Cosmos a 1975, filaye suka cika na ɗan lokaci, lig ɗin ta mutu bayan kakar 1984. MLS ma da ta zo sai da ta yi ƙoƙarin gyara wa ƙwallo zama don ta dace da ɗanɗanonsu: agogo yana ƙirgawa baya, kuma in an yi canjaras ɗan wasa ya taso da ƙwallo daga yadi 35, a ba shi daƙiƙa biyar ya ci gola. Masu son zari-ruga ba su zo ba, masu son ƙwallo na asali suka yi fushi. Bayan kakar 1999 aka watsar da shirmen. Abin da har yau suka ƙi karɓa shi ne faɗawa rukunin 'yan dagaji. Attajirin da ya biya ɗaruruwan miliyoyin daloli ya sayi gurbi ba zai yarda a ce ƙungiyarsa ta faɗi ba, ko da ita ce ta ƙarshe a tebur.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni tsoho ne, na kalli USA 94 a Kaduna da talabijin ɗin maƙwabci. Har yau ina tuna Yekini yana girgiza raga. Abin da ke ba ni mamaki, filayen nan cike suke maƙil. In Amurkawa ba su damu ba, su wane ne waɗancan mutanen?
Daga wani dattijo, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ka tuno mana da dare mai daɗi. A Dallas ne, 21 ga Yuni, muka ci Bulgeriya 3 da nema, Yekini ya buɗe, ɗan garinku Daniel Amokachi ya ƙara, Amunike ya rufe. Sai Ajantina ta ci mu 2 da 1, muka ci Girka 2 da nema, sannan Baggio na Italiya ya karya mana zuciya a kusa da Boston saura minti biyu a tashi. Bayan shekara biyu, a ƙasar dai, muka rama a kan duniya: Brazil 4 da 3, Ajantina 3 da 2, zinaren Olamfik na 1996, da Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. Ni kam ba na iya jin haushin filayen Amurka.

Waɗanda ka gani, Baba, Amurkawa ne, sai dai ba irin waɗanda ake nunawa a fim ba. Ranar da Ireland ta ci Italiya 1 da nema a New Jersey a wannan gasa, 'ya'ya da jikokin baƙin haure na ƙasashen biyu ne suka cika filin. Amurka na da masu asali daga ƙasashen Latin sama da miliyan 60, mafi yawansu daga Meziko, kuma su ba sa jiran Kofin Duniya. Shekara da shekaru lig ɗin Meziko ce ke gaba wajen masu kallo a talabijin ɗin Amurka, ba MLS ba. A wasan ƙarshe na Gold Cup, kofin ƙasashen yankinsu, na 2011 a filin Rose Bowl da ke kusa da Los Angeles, mutum sama da dubu 93 suka shiga, mafi yawa sanye da koren Meziko, Amurka ta zama baƙuwa a gidanta, aka kuma ci ta 4 da 2.

Wannan ne ya sa hukumar ƙwallonsu ta riƙa ɗauke wasan neman gurbi da Meziko ta kai shi Columbus, gari mai sanyi, filin da bai fi cin mutum dubu 20 da ɗoriya ba, inda za ta iya sarrafa tikiti. Dabarar ta yi aiki sau huɗu a jere, 2001 da 2005 da 2009 da 2013, kowane karo 2 da nema. A 2016 Meziko ta zo ta karya lagon.

Akwai kuma rukuni na biyu da ba ka gani ba a 1994 domin lokacin suna yara. Su ne waɗanda suka taso da wasan ƙwallo na kwamfuta, suka haddace sunayen 'yan wasan Turai tun kafin su taɓa ganinsu. Tun 2013 tashar NBC ke nuna Firimiya, kuma saboda bambancin lokaci wasan farko na Asabar yakan faɗo da bakwai da rabi na safe a gabashin ƙasar. Na sha wucewa ta gaban wata mashaya a Columbus da sanyin safiya, ƙanƙara na zuba, in hango matasa cike da jajayen riguna suna waƙar Liverpool. Ban shiga ba, ba wurin zamana ba ne, amma ihunsu bai bambanta da na gidan kallon Kawo ba. A 2014 mutum dubu 109 suka kalli wasan sada zumunci tsakanin Manchester United da Real Madrid a Michigan. Kuma jikokinka da ke musu a kan United da Liverpool da Arsenal da Chelsea, ka tambaye su ko sun san cewa dukkan huɗun a hannun attajiran Amurka suke.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Mu a Zango muna alfahari da fitar da Amurka sau biyu. Shin su ma abin ya yi musu zafi, ko ba su ma san an yi ba?
Daga wani mai sauraro, Nima, Ankara, Ghana.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, a gaishe da mutanen Nima da Mamobi. Na 2006 masu bin ƙwallo ne kawai suka ji shi, ranar da Haminu Draman da Stephen Appiah suka ci su 2 da 1 a Nuremberg. Na 2010 kuwa ya shiga har ɓargo. Kwana uku kafin nan Landon Donovan ya ci Aljeriya a minti na 91, bidiyon murnar jama'a ya cika intanet, mutanen da ba su taɓa kallon ƙwallo ba suka ɗauka kofi ya zo. Sai ga Kevin-Prince Boateng da Asamoah Gyan a Rustenburg. Da ƙuri'ar 2014 ta sake haɗa ku, har 'yan ofishinmu sun san sunan Ghana, kuma kalmar da ke bakinsu ita ce ramuwa. Sun kuwa rama a Natal: Dempsey ya ci cikin kusan daƙiƙa 30, André Ayew ya farke, John Brooks ya sa kai a minti na 86. Wani abokina ɗan Kumasi mai tuƙin tasi ya kashe wayarsa har washegari.

Ga abin da zai ba ka dariya. Ɗaya daga cikin 'yan tsakiyar Amurka a Katar, Yunus Musah, ɗan gidanku ne. Iyayensa 'yan Ghana ne, an haife shi a New York, ya girma a Italiya da Landan, kuma an sha ruwaitowa cewa Hausa na cikin harsunan da yake ji. Kusa da shi akwai Tim Weah, ɗan George Weah na Laberiya. A 2023 kuma Folarin Balogun, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zaɓi Amurka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makarantar 'yan mata ce. Na ji ana cewa matan Amurka sun fi mazansu iya ƙwallo nesa ba kusa ba. Mene ne sirrin, kuma shin jama'arsu na kallonsu?
Daga wata malama, Maraɗi, Nijar.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri a kan tarbiyyar yara. Haka ne. Matan sun ɗauki Kofin Duniya sau huɗu, 1991 da 1999 da 2015 da 2019. Mazan kuwa, tun bayan 1930, iyakarsu wasan daf da na kusa da ƙarshe a 2002, inda Jamus ta fitar da su 1 da nema.

Sirrin doka ce, kuma ba don ƙwallo aka yi ta ba. A 1972 majalisarsu ta zartar da wata doka da ake kira Title IX, wadda ta haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin namiji da mace. Jami'o'in da ke kashe dukiya a kan zari-rugar maza sai suka ga dole su buɗe wa mata ƙofa daidai gwargwado. Ƙwallon ƙafa ba ta da tsada kuma tana ɗaukar mutane da yawa, don haka ta zama mafita. Yarinyar da ta iya taka leda tana iya samun karatun jami'a kyauta ko da rangwame, iyaye kuwa suka gane haka da wuri. A daidai lokacin, Ingila ba ta daɗe da janye haramcin shekara 50 da ta sa wa mata a filayen ƙungiyoyinta ba, Brazil kuma doka ce ta hana su har 1979. Matan Amurka sun riga kowa tashi.

Batun kallo, a nan ne masu cewa Amurkawa ba sa son ƙwallo ke rasa ta cewa. Wasan ƙarshe na 1999 da Sin ya tara mutum 90,185 a Rose Bowl. A wannan gasa ce Super Falcons suka fara cin su a minti na biyu a Chicago, ta ƙafar Nkiru Okosieme, kafin a yi musu ruwan ƙwallaye 7 da 1, ko da yake sun farfaɗo har suka kai zagayen 'yan takwas. Wasan ƙarshe na 2015, da suka ci Japan 5 da 2, Carli Lloyd ta zura uku cikin minti 16, sama da mutum miliyan 25 suka kalla a tashar Turanci kaɗai, abin da babu wasan mazansu da ya taɓa samu a wannan tasha ko wata. Da wannan hujja suka kai hukumarsu kotu a kan albashi, kuma a 2022 aka amince a riƙa biyan maza da mata daidai, har da raba kuɗin kyautar Kofin Duniya.

Amma su ma cutar watan Yuni ba ta bar su ba. Lig ɗin da aka kafa da zafin nasarar 1999 kaka uku ta yi ta mutu a 2003. Ta biyu ma kaka uku. Sai ta uku, NWSL, da aka fara a 2013, ita ce ta tsaya da ƙafarta.

TAMBAYA: Yallaɓai, shekarata 19, ina buga lamba 7 a ƙungiyar unguwarmu. Wani ya ce zai kai ni gwaji Amurka in na kawo kuɗin biza da jirgi, wai can ba su iya ba, nan da nan zan samu ƙungiya. Me ka gani?
Daga wani matashi, Gusau.

AMSA: Yaro, riƙe kuɗinka. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa ita ke biyan jirgi, ita ke nema masa takarda. Wanda ya fara da "kawo kuɗi" ba ƙafarka yake kallo ba.

Sannan ka cire wa ranka cewa ba su iya ba. Miliyoyin yara ke buga ƙwallo a can duk ƙarshen mako. Matsalarsu ta daban ce: a wurinsu ƙwallon yara sana'a ce da iyaye ke biya, kuma ƙungiya mai kyau takan ci dubban daloli a shekara, ban da mai da otal. Ɗan talaka, wanda a ko'ina a duniya shi ne ke zama gwani, a can shi ake fara bari a baya. Clint Dempsey ya taso ne a gidan tirela a Nacogdoches ta Texas, iyayensa na tuƙin awa uku zuwa Dallas don ya yi atisaye. Irinsa nawa ne suka ɓace saboda ba mota? Ƙungiyoyin MLS sun buɗe makarantun horo na kyauta, abin ya ɗan yi sauƙi, amma waɗannan na yaran da ke can ne.

'Yan Najeriya da suka yi suna a MLS ba ta hannun dillalin unguwa suka shiga ba. Obafemi Martins ya je Seattle a 2013 bayan Inter da Newcastle. Kowace ƙungiya tana da ƙayyadaddun guraben baƙi, ba za ta ɓata ɗaya a kan wanda babu mai bidiyon wasansa ba. Hanya ta biyu ita ce jami'a, wadda ke buƙatar sakamakon jarrabawa mai kyau da Turanci, kuma kocin makarantar ne zai neme ka kai tsaye. Ka nemi shiga ƙungiya mai rajista a lig ta ƙasa, ka riƙe takardar WAEC ɗinka da kyau, ka kuma nuna wa mahaifinka wannan amsa kafin a sayar da wani abu a gida.

TAMBAYA: Malam, da wane lokaci za mu riƙa kallon wasannin 2026? Ina so in san yadda zan tsara man janareto.
Daga wani mai shayi da gidan kallo, Damagaram.

AMSA: Ka tanadi mai da yawa da kuma shayi mai kauri. Gasar daga 11 ga Yuni ce zuwa 19 ga Yuli, ƙasashe 48, wasanni 104, 78 daga ciki a Amurka, sauran a Meziko da Kanada. Agogon Nijar da Najeriya yana gaban na New York da awa biyar a wannan lokaci, yana gaban na Dallas da shida, na Los Angeles da takwas. Wasan da aka take da ƙarfe uku na rana a New York, takwas na dare ne a wurinka, kuma haka aka tsara wasan ƙarshe a filin MetLife na New Jersey. Wanda aka take da shida na yamma a Los Angeles, biyu na dare ne. 'Yan Ghana su rage awa ɗaya.

Super Eagles ba sa ciki, Kongo ta Kinshasa ta fitar da su a bugun fenareti a Rabat a watan Nuwamban 2025, don haka kada ka yi lissafin cikar da aka saba. Ghana na rukuni ɗaya da Ingila da Kuroshiya da Panama, wannan zai kawo maka mutane. Amurka za ta fara da Paraguay ranar 12 ga Yuni a Los Angeles, a tsakiyar darenmu. Shawarata, wasannin bayan ƙarfe ɗaya ka karɓi kuɗin shiga tun da yamma, kafin ka tayar da inji.